Ƙafar Wanzami da Kakin Kulu

Daga gidan wanzamai, Bungudu.

Zuwa ga ɗiyata Hauwa'u Kulu, a gidan goggonta Asabe, Tudun Wada, Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da goggonki da duk mutanen gidanta. Innarki tana gaishe ki. Allah ya tsare mini ke a zaune da a tafe, ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum.

Bakin nawa ne, hannun na Malam Garba ne, taubashina, tunda kin san ni ban taɓa zama a aji ba. Na ce ya rubuta yadda na faɗa, in ya sa nasa gishirin Allah na ganinsa. Ban kira ki a waya ba don ke a waya ba kya bari mutum ya kai ƙarshen maganarsa. Garba ya ce a nan ba wanda za a tambaya inda kika samo halin.

Ga abin da ya sa na zaunar da shi. Sojoji sun zaɓe ki cikin ɗaliban likita da za su ba horo su zama hafsoshi, motarku kuma cikin makon nan za ta tashi. Sai ga goggonki ta aiko cewa kin zauna, ko jaka kin ƙi ɗaurewa, kin ce ba inda za ki sai na yarda an kai ni asibiti an duba gyambon ƙafata. Ta ce an gaya maku wanda bai zo kan lokaci ba a ba wani gurbinsa. Ni kuma kin ji da kunnenki na rantse ba mai sa mini wuƙa ina numfashi. To ga mu nan, ke kin kafe a Gusau, ni na kafe a Bungudu. Za mu zo kan wannan. Ki bar ni in fara yin murnata tukuna, don tun ranar da labarin ya iso ba ki tsaya kin gan ta ba, ƙafa kawai kike kallo.

Kulu, ban bar kowa ya huta a garin nan ba. Duk wanda ya zauna gabana aski sai ya ji. Ranar kasuwa na jiƙa wa Alhaji Mudi mai hatsi kai, na aske rabi, sai zancenki ya taso, na ajiye aska na miƙe ina nuna masa yadda za a riƙa ƙame miki. Har sabulu ya bushe a kansa. Ya ce, "Wanzam, ko in tafi gida in dawo in an tashi daga faretin?" Na ce, "Zauna, Alhaji, uban kyaftin ke yi maka aski yau." Garba ya ce wai ba daga kyaftin ake farawa ba. Na ce shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa a makarantar firamare, wane muƙami ya kai in ban da buga ƙararrawa? Ga shi nan yana rubutawa yana harara ta.

Wasu sun ce mini, mace da kaki? Mace a daji cikin maza? Na ce masu ba ku san gidanmu ba. Kakana Jatau daga wajen Tsafe ya zo garin nan, ba shi da komai sai zabira a kafaɗa. Kafin ya zauna, mafarauta yake bi daji. Su suna gaba da kwari da baka, shi yana baya da aska da tsumma da saiwoyi. Wanda dabba ta yaga, ko kibiyar ɗan'uwansa ta same shi, Jatau ke ɗaure shi ya goyo shi zuwa gari. Jatau ya haifi Tanko, Tanko ya haife ni, ni na haife ki. Aikin da za ki yi ba baƙo ba ne a gidan nan, kaki kawai aka ƙara masa. Ki riƙe sunayen nan, don in na tafi ba wanda ya san su sai ke.

Da kika zo hutu kika zauna kina ba ni labarin abin da za a koya maku, na yi kamar ba na saurare, ina wasa aska. Duk na ji. Za a tashe ku gudu da sassafe, a koya maku fareti da riƙon bindiga. Za a sa ku ɗauki ƙato a kan gadon masu rauni ku haye tudu da shi. Za ku koyi ɗaure hannu ko ƙafa sama da rauni har jini ya tsaya, ku yi ɗinki a cikin tanti ana harbi a waje, ku ba da umarni maza su bi. Wallahi da ƙuruciya ake sayarwa a kasuwar Gusau da na bi ki. Tunda ba a sayarwa, ga abin da nake da shi: wuraren da na yi tuntuɓe. Ba asiri ba ne, kowa a Bungudu ya san su, amma ba ki taɓa jin su daga bakina ba.

Na farko a kanki na yi shi. Kina ƙarama, in ina yi wa mutum ƙaho a zaure, sai ki laɓe bayan ƙofa kina leƙe. Yayyenki maza da sun ga jini ya taru sai su watse. Ke kuwa matsowa kike yi. Wata rana na fita alwala na dawo na tarar kin buɗe zabira, kin jera asake bisa tabarma daga babba zuwa ƙarama, kina goge su da gefen zanenki. Na daka miki tsawa na ce zabira ba ta mata ba ce. Na yi shekaru ina jan yayyenki da ƙarfi zuwa sana'ar, ɗaya ya gudu ya zama direba, ɗaya ya buɗe shagon waya. Mai hannun tana bayan ƙofa, ni ina neman ta a wani wuri. Har makarantar ma sai da innarki da wannan Garban suka yi ta fama da ni kafin na bari.

Na gaya miki wannan don za ki haɗu da irina a bariki. Za a sami saje mai furfura da zai ƙame miki da hannu, zuciyarsa kuwa tana cewa wannan yarinyar ce za ta ba ni umarni? Kada ki ɓata bakinki a kansa. Ni ba gardama ta juyo da ni ba. Ranar da innarki ta yanke da lauje, kika wanke wurin kika ɗaure shi hannunki ko rawa bai yi ba, ina tsaye ina kallo, ranar na sauko. Ki gaishe su da girmansu, ki tambayi iyalinsu, amma in kin ba da umarni a kan mai rauni kada ki mayar da shi roƙo. Ki faɗa sau ɗaya, a fili, ki ci gaba da aikinki.

Na biyu abin dariya ne, amma ki saurara. Shekarar da babana ya fara sakina in tafi aiki ni kaɗai, aka kira ni kaciya a Wanke, lokacin sanyi bayan an gama girbi. Yara da yawa aka tara. Gidan da aka sauke ni kuwa ashe gidan kakanki ne na wajen uwa, lokacin ina neman innarki. Da safe aka kawo mini fura da nono a ƙwarya, ga tuwon dawa da ya kwana an ɗumama shi da man shanu. Tsohon yana zaune kusa da ni. Ina zan iya buɗe baki in ci abinci gaban wanda nake so ya zama surukina? Na ce, "Alhamdu lillahi, Baba, na ƙoshi." Ya ce, "Taɓa dai, yaro, aikin da yawa." Na ce, "Wallahi na ƙoshi." Rabona da abinci kuwa tun jiya da rana a Bungudu.

Na fara aiki lafiya. Rana ta ɗaga, sai na ga askar ta zama biyu a hannuna. Allah ya taimake ni na ajiye ta kafin in taɓa yaron da ke gabana. Na miƙe wai in sha iska, ban san inda nake ba sai da na ji wata tsohuwa tana sheƙa mini ruwa tana cewa, "Ga wanzami ya ga jini ya suma!" Yaran da aka gama wa suka manta da kukansu suna dariya. Aka ɗura mini furar nan da na ƙi, a kwance, gaban surukin da nake jin kunya. Har yau in na shiga Wanke tsofaffi ba sa kira na da sunana, Na-ƙoshi suke cewa.

To ke ma kina da wannan kunyar, na sani. Ki bar ta a gidan goggonki. In an kawo abinci ki ci, ko ba ki jin yunwa, ko wa ke zaune. In an ce a huta ki kwanta. In kin ji hannunki ya fara rawa, ki faɗa, wani ya karɓa. Mai riƙe da wuƙa a jikin mutum cikinsa ba nasa ba ne shi kaɗai. Ni dariya aka yi mini aka tashi. Da ban ajiye askar nan ba, da wani gida a Wanke har yau ba sa amsa sallamata.

Na uku shi ne mai nauyi. Kin san sunan Sanda, don kin ji ina sa shi a addu'a. Bafulatani ne, abokina, dillalin shanu. Wata ranar kasuwar Tsafe muka hau babbar mota tare za mu Gusau, mutane bisa buhuna. A wata kwana motar ta kife. Ni na tashi da ƙujewa kawai, zabirata na rataye a wuyana. Mai kayan, wani babban ɗan kasuwa, goshinsa ya tsage, jini ya rufe masa fuska, yana ihu yana kiran sunan Allah da na 'ya'yansa. Mutane suka yo kaina, "Wanzam, Alhaji tukuna! Alhaji tukuna!"

Ina gudu wajensa na wuce Sanda. Yana zaune ya jingina da itace, hularsa na kansa, hannu ɗaya bisa ciki. Ba jini ko ɗigo a rigarsa. Na ce, "Sanda, yaya?" Ya ce, "Da sauƙi. Je ka ga Alhaji." Na tafi. Na wanke goshin Alhaji, na tsayar da jinin, na ɗaure. Motar farko da ta tsaya, Alhaji muka sa a ciki, don shi ne babba kuma shi ke kuka. Da na komo wajen Sanda, leɓunansa sun yi fari, gumi mai sanyi na karyo masa. Na ce, "Sanda, ka ce da sauƙi!" Ya ce, "To mi zan ce, gaban mutane?" A mota ta biyu muka sa shi. Kansa na bisa cinyata ya cika, muna hango gidajen Gusau. Alhaji kuwa ya yi shekaru yana nuna wa mutane tabonsa.

Kwana ya ƙare, na sani, ba na jayayya da hukuncin Allah. Kin kuma taɓa gaya mini jini a ciki yake zuba masa, ba abin da zabira za ta yi. Na yarda. Amma motar farko fa? Wannan a hannuna take.

Shi ya sa da kika ce cikin abin da za a koya maku har da yadda ake tantance masu rauni, wa za a fara ɗauka, wa zai iya jira, ban san lokacin da na ajiye dutsen wasa aska ba. Ashe abin nan har makaranta gare shi! Ashe akwai masu zama su koya wa mutum abin da ni sai da na binne aboki na gane. Kulu, ranar wannan darasin ki zauna a gaba. Amma ki ƙara da abin da na sani game da mutanenmu, don ban sani ba ko yana cikin littafinsu. Mu ba ma faɗin ciwo. An hore mu tun muna yara, in an ce yaya jiki, a ce da sauƙi. Namiji ya ce wayyo gaban maza, ya gwammace ya mutu. Soja kuwa abin ya zame masa biyu, ga kunyar gida ga ta kaki. Za ki ga babban hafsa yana ihu a kan yatsa, ga kurtu a gefe ya yi shiru yana cewa a fara duba oga. Kada ki tambaye shi da baki ki wuce. Ki durƙusa, ki taɓa shi, ki dubi leɓensa da idonsa, ki ɗaga hannun da ya dafe wurin da shi. Girman mutum a fareti daban, a ƙasa cikin jini daban.

Kuma ki san ko su waye za a kawo miki. Yaran garin nan da suka shiga soja, babu wanda ban yi wa askin suna ba. Na san kan kowannensu tun yana da taushi, na san uwar da ta miƙo mini shi. Yau ga yadda daji ya zama, mutum ba ya bin hanyar Tsafe sai da addu'a a bakinsa, su ne a can. Wasu an dawo da su, na je gaisuwa. Duk gidan da na shiga sai in ce a raina, da akwai mai hannu kusa da shi a lokacin. To ga mai hannun Allah ya fitar daga zaurena. Sai kuma a ce ta zauna a Tudun Wada saboda ƙafar tsoho?

A nan Garba ya ajiye alƙalami. Na ce ya rubuta abin da ya faru, ya ce ko ban ce ba, zai rubuta. Ya dube ni ya ce, "Af, Mamman, na manta ban gaishe ka ba. Yaya ƙafa?" Kafin in yi tunani bakina ya ce, "Da sauƙi." Sai ya ƙura mini ido. Nan na gane tarkon da ya ɗana mini. Na ce, "Kai dai Garba mugu ne tun muna yara." Ya ce, "Ni bawanka ne, rubutu aka sa ni. In rubuta da sauƙin?"

Kada ya rubuta. Ga gaskiya, Kulu, tunda ke kika durƙusa kika ɗaga ƙafar wandon ranar da nake alwala, ba ki tsaya ga abin da bakina ya ce ba. Babu sauƙi. Tun damina gyambon nan yake, duk abin da na sani na sa masa, faɗi yake ƙarawa. Yatsun gefen ba na jin su ko na taka ƙaya. Innarki tana ta turara ɗaki, tana tsammani ban san dalili ba. Masallacin Juma'a ma yanzu sai yayanki ya kai ni a babur.

Kuma ba raina asibiti na yi ba, kamar yadda nake faɗa a kasuwa. Tsoro nake ji. Garba, rubuta shi haka, kada ka gyara. Na yi rayuwata ina riƙe da wuƙa, wasu na kwance. Na san yadda mai wuƙa ke cewa "kaɗan ne, yanzu za a gama," don ni ma na sha faɗa. Ina tsoron in kwanta da ƙafa biyu in tashi da ɗaya. Kin ce in an je da wuri mai yiwuwa wankewa da magani su isa, in an daɗe ne ake rasa ta. Na ji ki tun ranar. Taurin kai ne ya hana ni amsawa, da kuma rantsuwar da na riga na yi gaban mutane.

To rantsuwa tana da kaffara, gero kuma na nan a rumbu, innarki ta riga ta fara auna na sadaka tana murmushi kamar ita ta ci gari. Ke kuwa gurbinki in ya wuce ba shi da kaffara.

Saboda haka ga yadda za a yi, kuma ban ce a yi shawara ba. Jibi da safe yayanki zai kawo ni Gusau a motarsa, ni da Garba. Zai sauke ni a asibiti, Garba ya wuce Tudun Wada ya sa miki takardar nan a hannu. Lokacin da kike karanta wannan layin, ina zaune a bencin asibiti da sabuwar rigata, ina jira a kira ni. Duk abin da likitocin suka ce zan bi. In sun ce kwanciya, in kwanta. In sun ce wuƙa, in ce bismillah, sai dai zan roƙa a nuna mini ita tukuna in ga ko ta yi kaifi. Goggonki da innarki sun isa jinya, ba a bukatar kyaftin a kan gyambo ɗaya.

Ki zo ki gan ni da idonki, don na san ba za ki yarda da takarda ba. Amma ki zo da jakarki a ɗaure. Daga wurina tasha za ki wuce. In na hango ki hannu sake, wallahi ko an sa mini ƙarin ruwa sai na sauko na nemi babur zuwa Bungudu, kin kuma san zan aikata. In na ga jakar, zan dafa kanki gaban duk wanda ke wurin in sa miki albarka, in gaya wa nas-nas ɗin ko wace ce ke, su ma su sha labarin da Alhaji Mudi ya sha.

Allah ya kai ki lafiya, ya sa ki gama lafiya. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kau da harsashi daga inda kike, ya ba hannunki sa'a a kan duk wanda aka shimfiɗa a gabanki. Ki riƙe salla ko a tanti ko a tudu. Ya haɗa ki da shugabanni masu adalci da abokan aiki masu amana. Ya nuna mini ranar da za ki shigo zauren nan da kaki, in miƙe in ƙame miki, da ƙafa biyu in Ya so, in kuma da ɗaya ce Garba ya riƙe ni.

In kin kira waya daga bariki na ce yaya horo, kada ki ce mini da sauƙi. Ki gaya mini gaskiya. Ni ma daga yau ita zan riƙa gaya miki.

Tashi ki ɗaure jakar, ina bisa benci.

Wassalam.

Mahaifinki,
Mamman Wanzam, Bungudu.